Zagayen Arshe da Ƙafa: Ka San Masauka Kafin Ka Hau

Daga garin Kalayit na ƙasar Chadi, in mota ta miƙa arewa maso gabas, ƙasa takan daɗe a shimfiɗe kamar tabarma kafin duwatsun Enedi su fara ɓullowa, jajaye, wasu kamar rumbuna, wasu kamar ganuwar birnin da ya tashi. Galibin mutanenmu da ke zuwa daga Njamena ko Abeshe, ko ma daga Kuseri da Marwa, ta tagar mota suke ganin wurin. A tsaya a ɗauki hoto, a dafa shayi, a ƙara gaba. Wannan rubutu na wanda ya yi niyyar sauka ne ya taka da ƙafarsa: ya bar sansani da asuba, ya bi busasshiyar ƙorama, ya hau saman dutse, ya leƙa tafkin Arshe daga sama, sannan ya sauko ta wata hanya dabam ya dawo inda ya tashi da tsakar rana.

Zagayen da nake kira matsakaici shi ne mai kilomita 8 zuwa 12, hawansa bai wuce mita 300 ba, kuma babu inda ake buƙatar igiya. Duk mai lafiya da ya saba tafiyar awa biyu ko uku zai iya. Ƙafa ba ta cika ba mutum kunya a irin wannan tafiya ba. Abin da ke kada mutane shi ne su hau ba su san ta inda za su sauko ba, ruwa ya ƙare suna ta neman ƙofa.

Dalilin yana cikin dutsen kansa. Enedi tudu ne na dutsen yashi, rairayin da ya dunƙule tun zamanin da, ƙololuwarsa ta kai wajen mita 1,450. A shimfiɗe yake hawa-hawa, wani falle mai tauri, na ƙarƙashinsa mai laushi. Ruwa da iska sukan cinye mai laushin, mai taurin ya karye a miƙe kamar an sare shi da gatari. Shi ya sa ake samun bakan dutse irin na Aloba mai tsayin kusan mita 120, shi ya sa kuma gefen tudun ya zama bango. Wanda ya saba da duwatsun Mandara, wajen Mokolo da Rumsiki, ya saba da gangara mai gonaki dakali-dakali, ko'ina akwai turba, in ka ɓata za ka gamu da mai ɗauke da itace ya nuna maka. A Enedi kana iya yin wuni a sama ba ka ga ɗan Adam ba, kuma bangon da ya raba ka da ƙasa kana iya bin bakinsa kilomita da yawa babu tsaga ko ɗaya da mutum zai bi.

Ga yadda tarkon yake. Kana sama, ka gaji, ka hango mota da tanti can ƙasa kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Hangen Dala ba shiga birni ba. Sai ga wani kwazazzabo ya buɗe baki a gabanka, gangararsa a kwance, har da rairayi mai laushi a ciki. Ka shiga. Bayan minti goma ka tarar da wata 'yar mazubar ruwa busasshiya, tsayinta bai fi mutum ba, dutsen sumul kamar cikin turmi don ruwan shekaru aru-aru ya goge shi. Ka zauna ka zame, ka dira lafiya. Minti goma gaba sai wata, ita kuma mita ashirin ce. Ka juyo, waccan ƙaramar da ka dira ba ta hawuwa, babu inda yatsa zai kama. Ka shiga tsakanin biyu ke nan, a ramin da ba a hango shi daga sama, ba a hango shi daga ƙasa. Saboda haka doka ta farko, wadda ba ta da sassauci ko ga wanda ya fi kowa ƙarfi a ayari: duk abin da ba za ka iya hawa ka koma ba, kada ka dira shi. In akwai shakka, mutum ɗaya ya sauka, ya sake hawowa kowa na gani, sannan saura su bi.

Maganin wannan da yamma ake yinsa, kwana ɗaya kafin tafiya. A je da ɗan jagora har bakin kwazazzabon da za a sauko ta cikinsa, a dube shi daga ƙasa, a hau cikinsa na minti ashirin ko talatin. Masauka ta gaskiya tana da shaida: kashin awaki da na jakuna, duwatsun da kofato ya goge suka yi haske, wani lokaci 'yan duwatsu da makiyaya suka jera don dabba ta samu wurin taka ƙafa. Inda jaki ke bi, mutum zai bi. Sawun ragon dutse ko na gwaggon biri kuwa kada ya ruɗe ka, su suna da hanyoyin da ba namu ba. A ɗora alamar wurin a taswirar waya, a kuma tambayi ɗan jagora da wane dutse ake gane bakin masaukar daga sama, don abin da ka gani daga ƙasa ba haka yake ba in ka zo masa ta baya.

Kada ka sa ran alluna ko fenti a jikin dutse. UNESCO ta sa Enedi cikin wuraren gadon duniya a 2016, kuma tun 2018 ƙungiyar African Parks take kula da gandun tare da gwamnatin Chadi, fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 50,000. Akwai dokoki da ma'aikata, amma hanyar ƙafa tana cikin kan mutanen wurin ne. Da ɗan gari akan ci gari. Ɗan jagoran da direba ya taho da shi daga Njamena ya san hanyar mota. Wanda ake so shi ne wanda ya yi kiwon awaki a kan wannan dutsen yana yaro, ana samunsu a rugagen ƙabilar Tubawa da ke kusa ko a garin Fada (sunan garin ke nan, ba fadar wani sarki ba). Hausa ba ta cika aiki a can ba, Larabcin Chadi ne ke haɗa mutane, don haka a tabbata akwai mai jinsa a ayari. A fara da gaisuwa mai tsawo, a sha shayi, kada a buɗe baki da maganar kuɗi. Sannan kada ka tambaye shi ko da nisa, zai ce kusa ne, kuma ba ƙarya ya yi ba, a ƙafarsa kusa ne. Tambaye shi: in mun tashi bayan asuba, ina rana za ta kai sa'ad da za mu isa masauka? Ka ga inda ya nuna da hannu a sama, ka ƙara awa ɗaya da rabi.

Akwai dalili na biyu da ya sa ɗan jagora ya zama dole. An yi yaƙi da Libiya a wannan yanki, an gwabza a Fada a watan Janairun 1987, kuma har yau akwai nakiyoyi da harsasan da ba su fashe ba a arewacin Chadi. Inda raƙuma da motoci ke bi kullum babu fargaba. Ƙarfe mai tsatsa da ka gani a rairayi dai, ko ya yi kama da gwangwanin sardin, ba a taɓawa, ba a shura. Baƙon da ba ɗan ƙasa ba kuma ya nemi takardar izinin zirga-zirga tun daga Njamena, ya yi kwafi da yawa, don shingayen jandarma na hanya kowanne zai so ya riƙe ɗaya.

Lissafin lokaci

Wani Baturen Sikotlan mai suna William Naismith ya kafa ƙa'ida a 1892 wadda masu hawan dutse ke amfani da ita har yau: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. In ka bi ta, zagayen kilomita 10 mai hawan mita 250 ba zai kai awa biyu da rabi ba. Manhajojin taswira ma kusan haka za su gaya maka. A Enedi ka ninka. Kilomita 3 na rairayin ƙorama, inda kowane taku ke zamewa baya, awa ɗaya da kwata ne. Hawa ta kwazazzabo mai tarin duwatsu, ko da kilomita ɗaya ce, awa ɗaya. Kilomita 4 a sama, ana kewaye tsagogi ana komawa baya, awa ɗaya da rabi. Sauka minti 45. Ragowar rairayin zuwa sansani rabin awa. Awa biyar ke nan ba a zauna ba. Da hutun minti goma kowace awa da zaman kallon tafki, shida.

Agogo ma yana da nasa ruɗin. Chadi duka lokaci ɗaya take bi da Najeriya da Kamaru, alhali Fada tana can gabas ƙwarai. A watan Disamba rana kan fito wajen ƙarfe 6, ta take tsaka wajen 11 da rabi, ta faɗi wajen ƙarfe 5. Mutumin Garwa ko Kano da jikinsa ya saba da magariba ƙarfe 6 zai ga duhu ya rufe shi yana tsammanin da sauran awa guda, kuma bayan faɗuwar rana hasken da ke saura bai kai rabin awa ba. A cikin kwazazzabo duhun ya riga haka. In agogo ya mutu, miƙe hannu ka jera yatsu tsakanin rana da bakin ƙasa: kowane yatsa kusan minti 15 ne, yatsu huɗu awa ɗaya.

A tashi da an sallame asuba, da tocila in ta kama. Ni a ganina a fara da rairayi, don da sanyin safiya ya fi ɗaukar ƙafa, kuma tafiyar rairayi da rana tsaka ita ce ke shanye ruwan jiki fiye da hawa. Tsakanin ƙofofin biyu, a hau ta mai wuya a sauko ta mai sauƙi. Mai hawa yana ganin inda zai sa ƙafa, ƙarfinsa kuma na nan. Mai sauka gwiwarsa na rawa, hankalinsa ya riga shi isa wurin shayi, targaɗe da gurɗewar idon sawu a nan suka fi yawa. A hawa da sauka a bar tazara tsakanin mutane, kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani, in dutse ya kuɓuce a yi ihu nan take. Dutsen yashi da hannu ya kama a jijjiga shi tukuna, yakan ɓalle falle guda.

Watannin tafiya Nuwamba zuwa Fabrairu ne. Da rana akwai daɗi, da dare sanyi na sauka ƙasa da digiri 10, har ka nemi bargo biyu. Daga ƙarshen Maris zafi ya fara, Afrilu da Mayu ana wuce 40, dutsen kansa ya zama tanda. Yuli zuwa Satumba kuma lokacin ɗan ruwan da ake samu ne, kuma falalen dutse ba ya shan ruwa. Hadarin da ya zuba a wani wuri da ba ka ma gani ba zai iya aiko da ambaliya cikin ƙoramar da kake tsaye rana na haskawa. Ɗaga kai ka dubi rassan itatuwan ƙorama, za ka ga busasshiyar ciyawa da karare sun maƙale sama da kanka. Nan ruwa ya kai.

Ruwa

A hunturu mai tafiya yana buƙatar rabin lita kowace awa, awa shida lita 3. A ƙara lita ɗaya da rabi ta ajiya wadda ba a taɓawa sai wani abu ya faru. Lita huɗu da rabi ke nan ga kowane mutum, kilo huɗu da rabi a bayansa, kuma kowa ya ɗauki nasa. Ayarin da ya ɗora wa ƙaƙƙarfan saurayi guda jarkar kowa, ranar da aka rabu da shi a wata kwana an rabu da ruwa. In Maris ya shiga, lissafin ya koma lita ɗaya a awa, nauyin ya wuce abin da ake jin daɗin ɗauka, sai a gajarta zagayen. A raba ruwan a robobi uku ko huɗu, don roba ɗaya in ta faɗi kan dutse ta fashe kada ta tafi da duka. A ɗinka musu rigar buhu ko a sa su cikin tsohuwar safa a jiƙa, iska na busawa ruwan na sanyi, dabarar salka ce.

Iskar hunturu tana da yaudara: gumi na fita yana bushewa nan take, riga ba ta jiƙa, sai mutum ya ɗauka bai yi gumi ba. Kada a jira ƙishirwa. A sha lita guda a sansani kafin a tashi, sannan kurɓi uku-huɗu kowane minti ashirin. Fitsari ne ma'auni: in ya yi ja kamar shayi ko ya ɗauke tun safe, jiki ya fara bushewa. Ruwa zalla kuma ba ya mayar da gishirin da ya fita, shi ya sa wani zai sha da yawa amma naman ƙafa ya riƙa ɗaurewa, zuciya na tashi. Roba ɗaya a haɗa ta da ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yaro mai gudawa: lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Guzuri dabino da gyaɗa mai gishiri da ƙuli-ƙuli sun isa. Kilishi a bar shi sai dare, yajinsa na jawo ƙishi.

Yanzu ga inda zagaye ya bambanta da tafiyar je-ka-dawo. Mai je-ka-dawo ya san hanyar komawa, ya taka ta. Mai zagaye rabin hanyarsa na gaba bai taɓa gani ba, kuma zuciya kullum tana ce masa gaba ta fi kusa. Don haka a yanke magana tun a sansani, kowa ya ji da kunnensa: in ruwan sha, ban da na ajiya, ya kai rabi ba a kai rabin hanya ba, an juya. In ƙarfe 10 ta yi ba a ga bakin masauka ba, an juya a bi sawu a sauka ta inda aka hau. Ba a sake tattauna wannan a sama, don a sama mai gardama ne ke cin nasara, kuma mai gardama shi ne wanda rana ta fi duka. Domin juyawar ta yiwu, a riƙa waiwaye a kowace mararraba ana duban yadda hanya take ta baya. Tarin duwatsu da za ka gani ba duka ne alamar hanya ba: wani na makiyaya ne mai kai wa wurin ciyawa, wani tsohon kabari ne. Ba a ɗaukar dutse daga cikinsu, ba a kuma ƙara sabo.

Alwala ta shiga lissafi. Ruwan da aka ƙidaya na sha ne, ga ƙasa mai tsarki ko'ina don taimama. Alƙibla daga nan gabas ce a ɗan karkata arewa, alhali ranar Disamba kudu da gabas take fitowa, wanda ya fuskanci mafitarta ya kauce sosai. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin hunturu, daidai lokacin tafiya. Awa shida a kan dutse babu ruwa ganganci ne, ko dai a ɗage tafiyar ko mutum ya yi aiki da rangwamen matafiyi.

Shi tafkin Arshe, wanda ake kira gelta a can, ruwa ne da ke kwance a gindin kwazazzabo mai dogayen bangaye, ba ya ƙafewa. Daga sama za ka ga raƙuma sun shigo garke-garke har ciki, kukansu na bugun bango yana dawowa ninki biyu, ruwan ya yi baƙi saboda kashinsu. A cikinsa akwai kifi, akwai kuma 'yan kadoji ƙalilan, ragowar zamanin da Sahara ke da koguna. Wurin ya cancanci zaman rabin awa, a zaune, nesa da baki da tsawon mutum biyu, don bakin dutsen yashi sau da yawa ƙarƙashinsa rami ne, ga iska mai turo mutum ba sallama. Amma kada a sa wannan ruwa cikin lissafin sha. In larura ta kai, a bar shi ya kwanta, a tace da rawani ninki huɗu, a tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs a jira minti 30, da sanin cewa ƙwayar ba ta aiki sosai a ruwa mai dauɗa. In an sauka ƙasa, mashayar mutane ce da dukiyarsu. Ba a sa sabulu, ba a ratsa tsakiyar garke, ba a ɗaga waya a ɗauki makiyayi ko matarsa hoto sai an nemi izini, in an hana kuma an hana.

Kogunan dutse da ke da zanen mutanen da, shanu da mahaya dawaki da raƙuma da jar ƙasa da fara, irin na wurin da ake kira Terke a Enedi, wurin hutu ne mai inuwa. Wasu na watsa musu ruwa don launi ya fito a hoto. Wannan ɓarna ce, tana narkar da abin da ya shekara dubbai. Ko tafin hannu kada ya taɓa.

Kaya kaɗan ne. Za ka ga ɗan jagora da silifas na roba yana tsalle kan duwatsu, kada ka kwaikwaye shi, tafin ƙafarsa ba irin naka ba ne. Takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabo yana kawo bororo, wanda ya shekara uku a ƙarƙashin gado kuma gam ɗinsa ya mutu, zafin dutse na taɓa shi ƙasan zai ɓare ya riƙa lilo kamar harshe, don haka a sa igiya ko salatif mai ƙarfi a jaka. Duk inda ƙafa ta fara zafi a tsaya nan take, a zazzage rairayi, a manna filasta kafin ruwa ya taru. Dogon wando saboda ƙarangiya da tsidau, matsefata saboda ƙayar da ta riga ta shiga. Riga mai dogon hannu, fara, sakakkiya. Rawani ya fi hula nesa ba kusa ba: inuwa ne, matacin ƙura ne, bandeji ne, in an jiƙa shi kuma abin sanyaya jiki ne. Sai tabarau, sanda, tocilar goshi ko da an yi niyyar dawowa da rana, usur, ɗan madubi, ashana, da rigar sanyi mara nauyi don wanda dare ya kama a sama sanyi ne zai fi ba shi wuya. Tumfafiya ta cika ƙoramu, kada a karya ta a shafa ido, ruwanta na iya lahanta gani. 'Yar gunar dajin nan mai kama da ƙaramar kankana da ke yashe a rairayi kuma ba a ci, ɗaci ne da gudawa.

Waya ba za ta samu layi ba, amma GPS ɗinta na aiki ba layi. A sauke taswirar yankin a manhajar OsmAnd ko Organic Maps tun a gari, a sa wayar a yanayin jirgin sama don batir, a kunna rikodin sawu daga ƙofar tanti. A cikin matsattsen kwazazzabo alamar kan yi tsalle ta nuna ka a inda ba ka, sai an fito fili take daidaita. Ranar da hazo ya sauko duwatsun da ake gane hanya da su sukan ɓace gaba ɗaya, ranar ba ta hawa ba ce.

Maciji da kunama suna nan, amma a hunturu ba su cika yawo ba. Kada a zura hannu a ramin da ido bai gani ba, a kaɗe takalmi da safe, a ɗaga dutse da sanda. In maciji ya yi sara, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure jijiya tamau, baƙin dutsen nan da ake mannawa ma ba ya zuƙe dafi. A cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutumin zuwa mota. Wanda rana ta buga kuwa, in jiri ne da ciwon kai da kasala, a kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, tafiyarsa ta ƙare a ranar. In ya fara sambatu, ko faɗa ba dalili, ko tangaɗi kamar mashayi, abin ya kai ga rai. A tuɓe masa kaya, a jiƙa shi da ruwan ajiya, a yi ta fifita, kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. Asibiti mai kayan aiki yana da nisan kwana, ba awa ba.

Ayari kada ya gaza mutum huɗu da ɗan jagora: in ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, biyu su tafi neman taimako. Mafi rauni shi ke bin bayan ɗan jagora, wani mai ƙarfi ya rufe baya, ba wanda zai ɓace wa idon na bayansa. Wanda ya ga ya rabu da mutane ya tsaya inda yake, ya nemi inuwa kusa da fili, ya busa usur sau uku-uku, ya haska madubi, kada ya ce zai yanke ya tare su a gaba.

Direba shi ke zama a sansani, kuma kafin a tashi a zana masa zagayen a ƙasa da sanda: ga mahawa, ga wurin kallon tafki, ga masauka. A tambaye shi ko yana da wayar tauraron ɗan Adam ta Thuraya da izininta, da lambar wanda zai kira a Fada. A gaya masa ƙarfe 12 za a dawo. In ƙarfe 2 ta yi shiru, ya kai mota bakin masauka da jarkar lita 20, ya yi ta danna ham kowane minti goma sha biyar. In ƙarfe 3 ta yi, ya nemi makiyayan da ke kusa, saura awa biyu ke nan rana ta faɗi. In duhu ya yi, ya kunna fitilun mota ya fuskantar da su bangon dutsen, ya hura wuta a fili, kada ya matsa daga wurin.